Madugu da Baƙuwar Tauraruwa

A can zamanin da, wani madugu yana ratsa hamada da fatake, ruwansu ya kusa ƙarewa. Wata 'yar tauraruwa mai dishi-dishi ce ke nuna masa hanya.

Rannan da magariba sai wata sabuwa ta ɓullo, haskenta ya danne na kowacce.

Fatake suka ce, "Madugu, mu bi wannan!"

Ya ce, "Baƙuwa ce, ba ta san rijiyarmu ba."

Washegari suka roƙe shi har da kuka. Ya ce, "Baƙuwa ce."

A hankali baƙuwar ta dusashe, ta ɓace. Su kuwa suka isa rijiya, suka sha suka ƙoshi, suna ta yi masa godiya.

Madugu ya ce, "Ku gode wa Allah da ya bar mana ƙaramar nan a inda take."