Batakarin Kaka

A makarantar su Mubarik da ke unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa, malama ta ce ranar Halloween, bikin shigar dodanni, kowa ya zo da shigar da yake so.

Mamansa ta ce, "Mu ba ruwanmu da wannan biki. Sa uniform ɗinka."

Mubarik bai ji ba. Ya buɗe akwatin kakansa a ɓoye. Ya ɗauko batakari, rigar saƙi mai ratsin fari da baƙi, wadda tsohon ya zo da ita daga Tamale.

A makaranta ya zura ta. Ya zuba mata jan fenti a ƙirji. Ya shafa farar hoda a fuska.

Abokinsa Tomas ya ce, "Kai kuma shigar me ka yi?"

"Dodon Afirka!" in ji Mubarik, ya yi gurnani.

Yara suka yi ta tafi. Mubarik ya ji daɗi.

Da aka tashi, Kaka ya zo ɗaukarsa. Juma'a ce, daga masallaci yake, sanye da wata batakarin.

"Ga babban dodon!" in ji wani yaro. Suka kewaye tsohon suna gurnani.

Kaka ya tsaya. Ya dubi jan fentin da ke ƙirjin jikansa.

Kunya ta kama Mubarik. Ya goge fuskarsa da hannu, ya shiga tsakaninsu.

"Ku matsa! Kakana ne!"

Tomas ya ce, "Ai kai ka ce rigar dodo ce."

"Ƙarya na yi. Rigar manya ce. Da hannu ake saƙa ta. Ita ake sawa ranar Sallah. Mai sauran gurnani ya zo ya yi mini, ga ni nan!"

Ba wanda ya zo. Tomas ya sunkuyar da kai ya ce, "Sorry, Grandad."

A cikin bas Mubarik ya ce, "Kaka, ka yafe mini."

"Ja'iri, baki dai ka iya," in ji Kaka. "Sai mu ga ko ka iya wanki."

Mubarik ya wanke rigar har hannunsa ya yi ciwo. Fentin ya fita tas. Kaka ya ɗaga ta, ya duba gaba da baya.

"Ajiye ta a wurinka. Ka ci tuwo ka cika ta."

Daga ranar Mubarik ya gane abu ɗaya. Yadda ka nuna kayan gidanku, haka za a kalli mutanen gidanku.