Kan Burtun Baba

Ina cikin dakan alabo Doose maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ko sallama babu.

"Sailuba, ina Badarunki ya je?"

Na ce dajin hanyar Doma, ɗaukar barewa a hoto. Ta dafe ƙirji. Wai da sassafe ta ga Baballe ya miƙa masa kan burtu a cikin buhu.

Taɓaryar ta suɓuce daga hannuna...

Baba maharbi ne. Kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa, namun daji su zaci tsuntsu ne. Jiya nasa ya ɓata. Baballe, ɗan ƙaninsa, da na ƙi aurensa tun bara, shi ya ce masa ya ga wani ƙaton burtu a fadamar hanyar Doma. Can Baba ya nufa da bindiga, don ya harbo shi ya sake sabon kai.

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Mai babur ya ajiye ni a bakin daji, na kutsa da gudu.

Badaru, Badaru! Malamin firamare ne a Lafiya, amma hankalinsa yana wurin gajimare da gauraki. Tun da ya sayi tsohuwar kyamarar nan a 1986, ko ni sai na yi fushi nake samun hoto ɗaya. Shi ya sa Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai ɗaukar hoton sama ba.

Ciyawa ta fi ni tsawo, tana yankar fuskata. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Na haye wani suri, sai na hango su.

Barewa uku suna kiwo. Wani baƙin abu mai dogon baki yana matsowa kusa da su a hankali. Can baya, a gindin kaɗanya, Baba ne durƙushe, bindiga a kafaɗa.

"Baba..."

Ƙarar bindiga ta cika dajin. Na zube a sume.

Da na buɗe ido, kaina yana kan cinyar Badaru, kan burtun ya karkace a goshinsa.

"Sanyin idona, dube ni. Lafiyata ƙalau."

Na fashe da kuka, ina dukan ƙirjinsa.

Baba yana tsaye a kanmu, gumi yana tsiyaya daga gemunsa. Ya ce har ya ɗora yatsa sai ya ga jan zaren da ya ɗaura a bakin burtun da hannunsa, ya gane kayansa. Sama ya harba, don Badaru ya miƙe kafin wani maharbin ya harbe shi. Baballe kuwa, Baba ya ce yau zai tattara kayansa ya bar masa gida.

Ya daɗe yana kallon kyamarar.

"Kai malam, na gan ka. Ka kai wurin da ko ni ban taɓa kaiwa ba. Me ka yi wa bareyin nan?"

"Hoto kawai na ɗauka, Baba."

Baba ya saɓa bindigarsa, ya juya mana baya don kada mu ga idonsa.

"Wanda barewa ta yarda da shi har haka, ni wane ne in hana shi 'yata? Ka turo manyanka."