Hujin da Aka Toshe a Tankin Lorne

Ƙarfe tara na safiyar Talata aka kira Sufeto Haapala zuwa wani gida a garin Thunder Bay. Shekararsa ashirin da shida a aikin ɗan sanda, kuma iliminsa game da kifi bai wuce soyayye ba.

Gawar Lorne Pelletier na kwance a ɗakin ƙasa, cikin ruwan gishiri har idon sawu, wayar lantarki mai soket shida a jiƙe kusa da ƙafarsa. Jikin bango ga sabon tankin gilashi na kiwon kifi, ba komai ciki sai duwatsu da ruɓaɓɓen jatan lande guda.

Matarsa Doreen na zaune kan matakala.

"Ni na kashe shi, Sufeto. Rubuta."

"Fara gaya min abin da kika yi, Madam."

"Ƙarar injin ruwan ce ta ishe ni. Na zare wayarsa na hau sama. Ruwan ya gangaro ta bututu, ya cika ƙaramin tankin ƙasa, ya malala. Shi kuma ya sauko ba takalmi, lantarki ya ja shi."

Haapala bai rubuta ba. Ko kotu ta sake ta, matar nan ba za ta saki kanta ba.

"Jatan landen fa?"

"Sai ya ruɓe, ƙananan halittu masu cinye dattin kifi su hayayyafa. Mako shida ake jira ruwan ya nuna. Yau kwana goma sha tara."

A kan tebur ya sami littafin da Lorne ke rubuta gwajin ruwa. Ya zana bututun da ke mayar da ruwa sama, da ɗan huji a wuyansa: inji na tsayawa iska ta shiga, ruwa ya daina gangarowa. Sau bakwai ya kashe injin don gwaji, ko ɗigo bai zuba ba.

Haapala ya naɗe hannun riga ya lalubi bututun. An toshe hujin da gam.

A kwana na tara Lorne ya rubuta: "Na sa Bishop. Walt ba zai sani ba." A na goma sha ɗaya: "Bishop ya mutu."

"Wane ne Bishop?"

"Kifin Walt Kivi, maƙwabcinmu," in ji Doreen. "Shi ne. Ya ba Lorne ajiya da za a yi masa aikin gwiwa."

Bishop na cikin firizar ɗakin ƙasa, a ledar burodi.

Walt ya karɓi Haapala a kicin, yana dogara sanda.

"Ni na haɗa masa bututun, Yallaɓai. Tun ranar ban ƙara sauka ɗakin ba. Dubi gwiwar nan."

"Ni ma tawa sai lallashi. Yaya Lorne ya gaya maka mutuwar kifin?"

"Wai tsalle ya yi ya faɗo."

"Yakan faru, ko?"

"Tsalle?" Walt ya buga sandar a ƙasa. "Shekara goma sha tara Bishop bai taɓa tsalle ba, ya fi ni nauyin jiki! Ka duba inda yake numfashi, ja wur, a ƙone. Cikin ɗanyen ruwa Lorne ya jefa shi, don ya gaji da kallon duwatsu."

"A ina ka ga jan?"

Haapala bai jira amsarsa ba.

"Firizar a ɗakin ƙasa take, Mista Kivi."

Tsohon ya zauna a hankali.

"Ranar Lahadi, suna coci. Ina da mabuɗinsu. Na buɗe ledar na gani, sai na ɗauki gam ɗinsa na toshe hujin. So nake kafet ɗinsa ya jiƙe, ya yini yana matsa. Iyakar nufina ke nan. Sau nawa na ce masa ya ɗage soket ɗin nan daga ƙasa?"

Haapala bai sa masa ankwa ba. Mutum ba ya riƙe sanda da hannu a ɗaure.

Da suka fito, Doreen na tsaye a bakin ƙofarta. Haapala ya tsallaka ya miƙa mata littafin a buɗe.

"Sau bakwai mijinki ya kashe injin nan, Madam. Abin da kika yi, shi ma ya yi. Wani ne ya toshe hujin."

Ta karanta a hankali, ta ɗago ta ga wanda ake buɗe wa ƙofar mota.

"Walt," ta ce, "shekara talatin kana cin abinci a teburina."

Walt ya cire hularsa, ya shiga.