Fiffiken Mazari da Hodar Wake

A bakin wata fadama da ke hanyar Bakori Mahadi ya fara ganinta, tana bin mazari da raga, takalminta ya nutse a taɓo. Shi mai feshin gonaki ne, tun aji uku na sakandare ya ajiye biro. Ya sauke tankin feshi ya tsaya kallo, har ta gaji ta harare shi.

"Malam, kallo ne sana'arka?"

"A'a, Hajiya. Jira nake in ga wanda zai fara gajiya, ke ko ƙwaron."

Sunanta Raudatu, 'yar Alhaji Sanda dillalin masara a Funtua, tana digiri na biyu. Ta yi masa bayani a gajarce, irin wanda ake yi wa mutumin da ba a sa ran zai gane. A kan fiffiken mazari akwai wasu tsinkaye ƙanana da ido ba ya gani, jere kamar shuka. Ruwa ba ya zama a kansu, ƙwayar cuta in ta hau sai ta fashe. Ita takan danna fiffiken a roba mai laushi ta ɗauki zanensa, ta zuba shi a kan leda, don a samu shimfiɗar teburin asibiti da cuta ba ta kwana a kai.

Mahadi ya gane sarai. Kafin la'asar ya kama mata goma sha biyu.

Damina ba ta raba ba sai da ya zama "Sarkin Fadama" a wayarta, ita kuma "Malamata" a tasa. Da Alhaji Sanda ya ji, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce 'yarsa ba ta yi shekara goma sha bakwai a makaranta don ta ƙare a ɗakin mai warin maganin ciyawa ba. Ga Dokta Awaisu da suke ɗakin bincike ɗaya da ita, mai tabarau da mota, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata Turanci.

A ƙarshen damina Mahadi ya tara mata fukafukai kusan ɗari na gwajin ƙarshe. Da ya ga kiyashi na zagaye kwalin da ya zuba su, sai ya yi abin da duk ɗan Funtua ke yi wa wakensa: ya barbaɗa musu hodar ajiya. Hodar ta cike tsakanin tsinkayen. Da ledar ta fito aka ɗiga mata ruwa, sai ya kwanta ya baje.

Saƙonta ya shigo: "Mahadi, wake ka ɗauka na ba ka ajiya? Aikin shekara guda ka binne. Saura mako uku in gabatar da shi, mazari kuma ya tafi da damina. Kada ka kira ni."

Dokta Awaisu bai ɓata lokaci ba, ya kai labarin zauren Alhaji yana taɓe baki. Mahadi ma ya je da ƙafarsa, ya durƙusa ya ce shi ya ɓata, ba wani ba. Alhaji ko kallonsa bai yi ba. Ya juya ga Dokta da ke zaune a wurin, ya tambaye shi inda za a samo mazari yanzu. Dokta ya gyara tabarau, ya yi jawabin rabin awa a kan wasiƙar da zai rubuta wa wata jami'a a ƙasar waje. Mahadi ya sa takalminsa ya fita.

Abin da ya sani ba a aji ake koyar da shi ba. A gonakin rani na wajen Malumfashi, inda ruwa ba ya ƙafewa, tsuntsaye kan kama mazari su hau wayar lantarki, su cinye jikin su zubar da fukafukan. Kwana huɗu yana tsugune a ƙarƙashin waya, yana ɗaga su da tsinken tsintsiya, bai bar yatsa ya taɓa ko ɗaya ba. Ya ba direban Funtua kwalin, ya rubuta mata:

"Malamata, guda arba'in da ɗaya ne. Babu hoda, babu hannu. Ba sai kin yafe mini ba, ki dai gwada."

Sai bayan kwana shida ta amsa: "Sarkin Fadama, ruwan yana gudu. Na yi kuka a gaban mutane, kai ka ja mini. Ka zo gida."

A zaure Raudatu ta shimfiɗa ledar a gaban mahaifinta, ta ɗiga zoɓo. Ɗigon ya dunƙule, ya gangara kan tabarma, bai bar ko alamar ja ba. Alhaji ya shafa ledar ya duba yatsansa, yadda yake duba masara. Ya tambayi labarin wasiƙar Dokta, ta ce har yanzu ana jiran amsa.

"Shekara talatin ina kasuwa," in ji shi, "ban taɓa loda mota da bayani ba. Kai, mai feshi. Kana da iyaye, ko daga fadama ka tsiro?"

"Ina da su, Alhaji."

"To su zo. Kuma ka nemi sabulu kafin nan."

Wata biyu bayan ta gabatar da aikinta aka ɗaura aure. Dokta ya aiko da uzuri. Alhaji kuwa har ranar bai kira ango da sunansa ba. Amma da aka shafa fatiha, shi ya kama hannun Mahadi ya daɗe bai saki ba. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, masu kan uwarsu da idon ubansu.

Zauren ya amsa da amin.