Kwanar da Ɗan Majalisa Ya Hana a Miƙe

Mu da muka riƙe sitiyari har furfura ta cim mana ba mu shiga aji ba, amma hanya ba ta ɓoye mana komai. Muguwar kwanar nan ta gangaren dutse na bi ta ba adadi, ko ƙwarzane babu a jikina. Don haka ku saurari labarin mai ita.

Ɗan majalisa ne, shugaban kwamitin sufuri. Kujerar ba ta ƙosar da shi ba, so yake motocin hayarsa su cika tasha. Ran nan da rana tsaka ya bar direbansa a bakin titi, ya taka zuwa jujin matattun motoci. A cikin gawar wata bas boka yake zaune. Ɗan majalisa ya tuɓe takalmi ya shiga. Tagogi a rufe da jan ƙyalle, madubai a rataye duk sun juya baya, ga tasa cike da baƙin mai. A kujerar baya kuwa tulin takalma ne, kowanne ƙafa ɗaya.

"Na waɗanda hanya ta ci ne," in ji boka. "Zauna, Onarabul. Nan ba a yi wa kowa tafi."

"Me zan biya?"

"Riƙe kuɗinka. Ka san kwanar gangaren dutse?"

"Ƙudirin miƙe ta yana kan teburina."

"To, ya tsufa a can. Masu ba ka arzikin, nan ce tasharsu, a nan suke lodi. Ranar da ka rufe musu ita, za su nemi wata."

"Ke nan ba ni zan kashe kowa ba?"

"Kai dai ka yi shiru. Shirunka ya ishe su."

Ɗan majalisa ya tsoma yatsa a baƙin man, ya dangwala a madubi. Da ya fito, takalminsa ƙafa ɗaya ya tarar. Ya yi dariya, ya ɗauke shi ya tafi.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsa. Bas-bas ɗinsa suka cika tasha, manyan motocinsa suka cika hanya. Duk sanda aka ta da maganar kwanar a majalisa, sai ya gyara hula ya ce a ƙara nazari. Ana nazari, kwana tana cin mutane. Direbansa ya soma ƙorafi: "Ranka ya daɗe, mu biyu ne a motar nan, amma nauyinta kamar mun yi lodin kasuwa." Ya ce masa ya kama bakinsa.

Sai kwanar ta ci autan gidansu, wanda ke tuƙa masa bas. Takalminsa ƙafa ɗaya aka kawo wa tsohuwarsu. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye shi a gaban ɗan majalisa.

"An ce takardar tana hannunka. Ka sa hannu, ko ban yafe maka nonona ba."

"Inna, abin yana da tsari."

"Tsarin ne ya ba ni takalmi a madadin ɗa?"

Ya sa hannu. Aka fasa dutse, aka miƙe hanya, jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ya ɗauka an gama.

Da safe aka soma jin hon a ƙofar gidansa, a buɗe ba kowa. Maigadi ya mutu a zaune, mabuɗi a hannu. Babban ɗansa ya zame a kwanar matakalar bene, bai sake tashi ba. Matarsa kuwa kullum sai ta ɗaure kaya ta zauna a bakin ƙofa, tana tambayar duk wanda ya wuce ko motar ta cika. Ya ruga juji. Ba boka, ba jan ƙyalle, sai tulin takalma, nasa a can sama.

Motoci suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kujera ta tafi. Yau in kun bi sabuwar hanya, ku waiwaya wajen tsohuwar kwanar da ciyawa ta cinye. Za ku gan shi da takalmi ƙafa ɗaya, yana ɗaga hannu kamar ɗan kamasho, yana kira: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"

Ni ban taɓa tsaya masa ba, shi ya sa nake nan ina ba ku labari. Ku masu kujera, ku ji da kyau: duk wanda ya sayi arziki da jinin matafiya, a gidansa za a sauke lodin ƙarshe.