Koren Ƙyalle a Tsakiyar Bargo

Ana dab da magariba, mai ɗinki tana zaune a ƙasan falo, ta baje bargon da take haɗawa da guntayen ƙyallaye. Wata bakwai ke nan tana kansa, tun rasuwar mijinta. Ba na sayarwa ba ne. Shuɗɗan rigunan aikin marigayi ta jera a gefuna huɗu, don shi ne katangar gidan. Kayan makarantar ’ya’yanta ta yanka ƙanana ta warwatsa a ciki. Tsohon mayafin mahaifiyarta kuwa ta sa shi wajen kai.

Tsakiya ce ta daɗe tana gagararta. Nan ta ware wa ɗanta na fari, wanda ya zo babu rai, bai bar ko hular da za ta yanka ba. Sai ranar nan, tana share ɗakin shirgi, ta tsinci wani koren ƙyalle a ninke bayan akwati, mai taushi, babu ƙura ko kaɗan a jikinsa. Ta ɗauka na waɗanda suka tashi daga gidan ne. Shi ta ɗinke a tsakiya.

Tana ƙulle zaren ƙarshe, tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Wata ta biyo baya. Ta leƙa waje, ba kowa.

Haka aka yi kwana shida. Da rana ta faɗi jifa ke farawa. Autarta, ’yar shekara goma sha shida, ta daina cin abinci, ta koma zama tana fuskantar bango, tana jijjiga kamar mai lallashin goyo. Mai ɗinki ta rame, bayanta ya ƙage, ta gaji har da jin tsoro.

Ran na bakwai ƙanin mijinta ya kawo wani malami, dattijo mai dogara sanda. Ya zauna kusa da Auta yana karatu tun la’asar, har muryarsa ta dushe. Ɗakin ya fara duhu. Sai yarinyar ta juyo, ta yi magana da muryar tsohuwa.

“Ya isa, Malam. Kai ka gaji, ni ma na gaji.”

“Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ba komai. Bakinta na ara, tunda uwarta ba ta gane jifa. Majanyina ta ɗauka. Da shi na goyi ɗana, shi kaɗai ya rage mini. Tunda an haɗa shi da nasu, a ba ni bargon duka.”

Malam ya girgiza kai. “Naki za a ba ki. Sauran na marayu ne.”

Muryar ta ce, “To, ta warware da hannunta, kada almakashi ya taɓa shi. Sai na gan shi zan fita.”

“Yanzu za ki fita.”

“Wa zai tsaya mini?”

Mai ɗinki ta matso. “Ni, baiwar Allah. Ban san naki ba ne. Nawa ɗan ma bai tsaya ba, don shi na sa.”

Idanun Auta suka kafe a kan uwarta.

“Kwana nawa ya yi?”

“Ko ɗaya.”

“Nawa har ya fara zama,” in ji muryar a hankali. “Shi ke nan. Na yarda da ke.”

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale kan tabarma. Da ta farfaɗo, ruwa ta nema.

Washegari mai ɗinki ta wuni tana warware ɗinkin da bakin allura, zare ɗaya bayan ɗaya. Ta ninke ƙyallen, ta mayar inda ta same shi. Da ta koma dubawa, babu shi. Ba a ƙara jifa ba.

Bargon ya yi mako uku da rami a tsakiya. Ba ta ko son kallonsa.

“Umma, haka za ki bar shi?” Auta ta tambaye ta wata safiya.

Mai ɗinki ta tashi da ƙyar, ta buɗe akwatinta, ta tono har ƙasa, ta fito da wani zane da ya koɗe, fulawowinsa sun kusa ɓacewa. Auta ta ce ai wannan ko tsumma ya fi shi kyau.

“Wata tara yayanku ya yi a ƙarƙashinsa,” in ji uwar, tana shimfiɗa shi kan ramin. “Miƙo mini almakashi.”