Awa Bakwai Na Ƙarshe A Sama

Auta na ninke kaya a falo sai wayarta ta yi ƙara. Mijinta Injiniya yana jiyo muryar yayanta daga inda yake zaune.

"Jikin Baba ya yi tsanani. Ke kawai yake kira."

Ta ajiye wayar ta dube shi kawai. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Shekara uku rabonta da gida, tun da suka tare a ƙasar waje! Duk sanda ta roƙa, sai Anti, yayarsa da ta raine shi, ta bugo waya: "Kada ka kuskura! In ta je danginta za su hure mata kunne, ba za ta dawo ba." Shi kuwa gogan naka, mai tsawa a ofis, gaban Anti bai san komai ba sai "to".

Washegari suka hau jirgi. Awa tara zuwa inda za su canja, sannan ƙarin awa bakwai kafin gida.

A filin da suka yada zango, Auta ta shiga wani shago, shi kuma ya kunna waya. Saƙon yayanta ya shigo: "Baba ya rasu ɗazu. Kada ka gaya mata sai kun sauka."

Ya yi maza ya soka wayar a aljihu. Sai ga ta da leda, tana ɗan murmushi.

"Dubi suwaita! Baba ba ya shiri da sanyi. Za ta yi masa, ko?"

"Za ta yi masa," ya ce, yana kallon ƙasa.

Bai taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba. Ɗan hoton jirgin da ke allon gabansa kamar ba ya motsi. Aka kawo abinci, aka kwashe bai taɓa ba. Nadama ta ci shi har ƙashi.

Da aka ce a ɗaura bel za a sauka, ya kasa daurewa.

"Auta... akwai maganar da..."

"Na sani," ta ce a hankali, hawaye na zuba. "Tun da ka amsa min kana kallon ƙasa na gane. Na yi shiru ne don kada in yi ihu cikin mutane, ka rasa yadda za ka yi da ni."

"Ni na hana ki ganinsa! Ki yafe min, don Allah!"

Ta daɗe kafin ta riƙe hannunsa.

"Na yafe. Amma Mama tana nan da rai."

Kafin kayansu su fito ya kira Anti. "Wata uku za ta yi wajen mahaifiyarta. Ba shawara nake nema ba."

Haƙurin Auta ya dawo mata da mijinta, amma bai dawo mata da Baba ba. Wanda duk ya raba mace da iyayenta don tsoron rasa ta, ya sani jirgi komai gudunsa ba ya riga ajali isa.